Goron da Malam Idi Ya Karɓa Sau Biyu

Cikin duk ranakun da na yi ina sakataren gasar ƙwallon rani ta yankinmu, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da kwamiti ya zauna a kan Nafi'u ɗan Malam Idi. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, lokacin dashen tumatir. Ku da kuka gaje mu a aikin nan kuna jin sunansa a bakin tsofaffin 'yan kallo, kuna tambayar me ya sa bai taɓa ɗaga kofinmu ba. Bari in faɗa muku, don a gabana aka yi.

Gasar tamu ta ƙauyukan da ke shan ruwan kanal ce, daga ɓangaren Kura har ɓangaren Bunkure. A lokacin gidajen kallon ƙwallo sun fara yawa, kowane yaro ya san kulob ɗin Turai da ya sayi wane, har attajiranmu suka fara jin ai su ma masu kulob ne. Sai kwamiti ya fito da tsari. Kafin a fara gasa ana buɗe abin da muke kira kasuwar 'yan wasa. Duk ɗan wasan da ba shi da ƙungiya, kowa na da damar nemansa da abin da zai iya. Ranar rufe kasuwa sai ya zo gaban kwamiti ya faɗi da bakinsa inda ya zaɓa, ni kuma in yi masa rajista. Wanda aka rufe kasuwa bai zaɓa ba, ya zauna a gida sai wata shekara. Yawancin yaran da riga da takalmi ake gamawa da su, ba a ma jin labari.

Ƙungiyoyi biyu ne ba sa ga maciji da juna, kowace da sunan garinta ake kiranta: Tsamiya ta ɓangaren Kura, da Ɗinya ta ɓangaren Bunkure. Gabarsu ta girmi ƙwallo. Ruwa ta gonakin Tsamiya yake fara bi, don haka mutanen Ɗinya kullum kukansu shi ne an sha an bar musu ragowa. Su kuma na Tsamiya cewa suke na Ɗinya ba su da komai sai baki. Ranar da za su haɗu a fili, ni dai abincin rana ba ya shiga mini.

A wannan shekarar Nafi'u ya dawo gida, saboda ɗan kulob ɗin da yake bugawa a birni ya watse. Lamba tara ne. Na ga 'yan gaba da yawa a aikin nan, amma ban ga mai sanyin zuciya a bakin raga kamarsa ba. Sai ya jira gola ya gama faɗuwa sannan ya tura ƙwallon kamar mai ajiye ƙwarya. Ya kai shekarun da in ba a gan shi bana ba, baɗi an wuce shi, kuma an ce masu neman 'yan wasa daga birni za su zo wasannin ƙarshe. Gidansu a wani ɗan ƙauye yake tsakanin garuruwan biyu. Gonar mahaifinsa ita ce ta ƙarshe a kan wata ƙaramar magudana da ke ratsowa ta gonakin Tsamiya. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Ɗinya ce.

Mai ɗaukar nauyin Tsamiya shi ne Alhaji Sule, mai injin casar shinkafa. Na Ɗinya kuma Alhaji Garba, dillalin tumatir, wanda yaya ne ga mahaifiyar Nafi'u. Kasuwa na buɗewa suka fara. Alhaji Sule ya ce babur. Alhaji Garba ya ce injin ban ruwa. Alhaji Sule ya ƙara da aiki a wurin casa, Alhaji Garba ya ƙara da gonar rani guda. Kullum da safe a teburin mai shayi sai ka ji sabon tayi, wani gaskiya, wani ƙarin gishirin matasa. Mu a kwamiti har daɗi muke ji, wai gasarmu ta yi daraja.

Akwai abin da dokarmu ba ta ambata ba, don kowa ya san shi. A wajenmu ba a ɗaukar ɗan mutum, ko da ƙwallo ne, sai an je an gai da uban. A tafi da goro. In ya karɓa ya yi addu'a, to a wurin masu nema ya bayar ke nan. Alhaji Sule ya fara zuwa da ƙullin goronsa. Malam Idi ya shimfiɗa masa tabarma, ya karɓa, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Washegari Alhaji Garba ya zo da nasa. Malam Idi ya shimfiɗa masa tabarmar, ya karɓa, ya yi addu'ar nan dai. Dattijo ne da bai iya kallon idon mutum ya ce a'a ba, balle surukinsa, balle mutumin da ruwan gonarsa ke bi ta garinsu. A ransa gaisuwa ya karɓa. Su kuma kowa ya koma gida ya ce an ba shi yaro.

Rana ɗaya suka same ni a ofis, kamar sun haɗa baki.

"Sakatare, rubuta shi a Tsamiya," in ji Alhaji Sule. "Uban ya ci goronmu."

"Goron wa bai ci ba?" in ji Alhaji Garba. "Ɗan ƙanwata ne fa. Da izinin wa za ka sa masa rigar Tsamiya?"

Na ce musu, "Alhazai, ku yi haƙuri. Ni ba goro nake rubutawa ba. Ranar rufe kasuwa yaron zai faɗa da bakinsa."

Suka fita kowa yana huci. Na ɗauka iyakarta ke nan.

Sai labari ya fita cewa zuciyar Nafi'u na Ɗinya, don kocinsu ne ya fara koya masa ƙwallo. Ba a daɗe ba aka wayi gari an toshe ƙaramar magudanar da buhunan ƙasa, daidai inda take fita daga gonakin Tsamiya. Malam Idi kuwa bai daɗe da yin dashe ba. Wanda bai san noman rani ba ba zai gane nauyin wannan ba: sabon dashe ba ya jiran kowa. In ya rasa ruwa 'yan kwanaki, shi ke nan, kuma abincin gidan na shekara a jikinsa yake. Nafi'u da ƙannensa suka je suka cire buhunan, aka mayar. Suka sake cirewa, suka tarar da matasa zaune a wurin da sanduna.

Nafi'u ya zo ofis da hantsi, ƙafarsa duk busasshen taɓo. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya hau benci.

"Malam Sakatare, tambaya ɗaya na zo da ita. In na tsaya gaban kwamiti na ce Ɗinya, dokarku za ta buɗe wa Baba ruwa?"

Na ce, "Nafi'u, dokarmu iyakarta layin fili."

"To in na ce Tsamiya fa? Kawu ya aiko wa Inna cewa motarsa ba za ta ƙara ɗaukar kwandon tumatirin Baba ba, kuma kada in ƙara taka gidansa. Tun jiya ba ta ci abinci ba."

Raina ya ɓaci matuƙa, kuma na ji kunya, don yaron ya zo wurin hukuma ne ya tarar da mai biro kawai. Na hau babur na tafi wurin ma'aikatan ruwa. Suka karɓe ni da mutunci, suka ce su babbar ƙofa suke buɗewa, rabon ƙananan magudanai a hannun manoma yake. Za su kira zama, amma sai an tara shugabannin manoma na ɓangarorin biyu. Na wuce wurin casa. Alhaji Sule yana tsaye ana auna shinkafa, ko zama bai ce in yi ba.

"Ni ban aiki kowa ba, Sakatare. Yara ne ransu ya ɓaci. An ci goronsu ana so a mai da su 'yan iska. Yaron ya faɗi abin da ya dace, ka ga ko ruwa ba zai gudu ba."

Daga nan na biya gonar. Dashen ya sunkuyar da kai, ƙasar kowane kwami, inda ake tare masa ruwa, ta fara tsagewa. Malam Idi yana ɗebo ruwa da bokiti daga wani kududdufi yana bin tushe ɗaya-ɗaya, aikin da ko rabin kwami ba zai ceta ba. Da ya gan ni sai ya ajiye bokitin ya fara ba ni haƙuri, wai ya jawo mini wahala.

Ranar rufe kasuwa muka zauna a wani ajin firamare, da safe. Ciyaman ɗin kwamiti a tsakiya, ni a gefensa, Alhazan biyu kowa da jama'arsa, tagogi cike da kawunan matasa. Ciyaman ya fara da Malam Idi.

"Malam, wa ka ba wa yaron nan?"

Dattijon ya miƙe. "Ranka ya daɗe, baƙo ya zo ƙofar gidana da goro, ta yaya zan mayar masa? Wannan maƙwabcin ruwana ne, wannan surukina ne. Duk wanda ya ce na ba shi, ban isa in ce ya yi ƙarya ba."

Aji ya kaure da hayaniya. Wani daga taga ya ce, "Tsoho mai baki biyu!" Na ga Nafi'u ya runtse ido. Ciyaman ya buga tebur, ya ce doka ta ce bakin ɗan wasa, don haka a saurari ɗan wasa.

Nafi'u ya miƙe. Bai kalli kowa ba sai mahaifinsa.

"Ranka ya daɗe, in na ce Tsamiya, Baba ya ci goron Kawu ya saɓa. In na ce Ɗinya, ya ci goron Alhaji ya saɓa. Baba bai taɓa saɓa wa kowa ba, ba kuma a kaina za a fara kiransa haka ba. Bai ba kowa ni ba, don ni ne na ce ba zan buga ba. Kowa ya riƙe kayansa. A buɗe masa ruwa."

Ciyaman ya ce, "Yaro, ka san abin da kake faɗa? In aka rufe yau, sai baɗi."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ciyaman ya juyo gare ni ya ce in rufe kasuwa. Na rufe. Alhaji Sule ne ya fara fita, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Tunda Ɗinya ba ta samu ba, shi bai faɗi ba. Alhaji Garba ma haka ya lissafa. Malam Idi ya zauna a benci yana share ido da bakin rigarsa.

Kafin azahar an ɗauke buhunan. Wani ɓangare na dashen ya farfaɗo, wani ya riga ya tafi. Da shekara ta zagayo na aika wa Nafi'u cewa kasuwa ta buɗe, ya aiko da godiya, ya ce goron nan biyu har yanzu ba wanda ya manta da su. Bai ƙara sa rigar kowace ƙungiya ba.

A shekarar da abin ya faru, Tsamiya da Ɗinya ne suka kai wasan ƙarshe, kuma mutanen birni sun zo kamar yadda aka ce. Da aka tashi da la'asar na biyo ta bakin magudana a kan babur, sai na hango Nafi'u cikin gona da fartanya, ruwa har idon sawu. Daga inda yake ana jin ihun fili sarai. Na tsaya muka gaisa.

"Malam Sakatare, wa ya ci?"

Na faɗa masa.

"Da ka ne ko da ƙafa?"

Na ce da ka. Ya yi murmushi, ya ce ya san za a yi haka, golan ba ya iya fitowa. Sannan ya sunkuya ya buɗe wa kwami na gaba ruwa.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu aikin yanzu. Mu muna cewa ɗan wasa mara ƙungiya, muna ɗauka shi kaɗai ne a tsaye da bakinsa. A ƙasar nan babu irin wannan yaron. Kowane ɗaya yana da uba mai kunya, da uwa mai dangi, da gona a ƙarshen magudanar wani. Manya za su yi ta tayi don a ce garinsu ya fi, in an tashi kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Ranar nan babu Alhajin da ya yi asarar ko allura, yaron ne kaɗai ya biya, kuma cikin duk waɗanda ke ajin shi kaɗai ne ya iya ƙwallo.