Jiminar da Ba Ta Ci a Hannun Kowa

Shekara ashirin da shida ya yi a lambun shaƙatawa na tsakiyar gari, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baban Jimina yake ce masa. Da tsintsiya ya fara, yana bin bayan masu zuwa yawon Asabar da Lahadi yana tsince ledoji da ɓawon ayaba. Da aka kawo jimina guda aka killace ta a kusurwar dabbobi, tsakanin kejin birai da kududdufin agwagi, sauran ma'aikata suka noƙe saboda an ce tana harbi da ƙafa. Shi ya ɗauki daro ya shiga.

Yanzu daga shi har ita sun tsufa. Ita gashin bayanta ya zube, shi gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Daga ƙofar lambu zuwa shingenta sai ya tsaya sau biyu, yana yi kamar famfo yake dubawa. Ya gaji da ihun yara, ya gaji da iyayen da ke ɗora jariri a kan shinge don a ɗauki hoto, ya gaji da tambayar nan da ba ta canzawa: "Baba, tana tashi sama?" Sau biyu manaja yana kiransa ofis da maganar ajiye aiki, sau biyun maganar tana mutuwa a wuri guda: jiminar ba ta ci a hannun kowa sai nasa.

Mutane suna cewa shaƙuwa ce. Shi kuwa in an faɗa sai ya sunkuyar da kai kamar mai kunya. Gaskiyar ita ce shekara uku ke nan da yanar ido ta kama tsuntsuwar, bai kuma gaya wa kowa ba. Ba ta ganin daron. Sai ya riga kowa zuwa, ya jiƙa dusar, ya tsaya ta damanta, ya ciro cokalin ƙarfe daga aljihu yana ƙwanƙwasa bakin daron a hankali har ta bi ƙarar ta sauko da kai. Likitan dabbobi daga bayan shinge yake leƙenta, don shi ma yana son haƙarƙarinsa.

Wata Talata gwiwar ta kumbura kamar an hura ta, dole ya kwanta a falo. Gida ya zame masa baƙon wuri. Matarsa tana kan keken ɗinki daga safe har la'asar, masu kawo ɗinki suna shigowa su gaishe shi a gurguje su wuce wajenta. Ko inda ake ajiye sukari bai sani ba.

Rana ta huɗu Dogo, mai kula da birai, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa, ya zo dubiya.

"Tsoho, gimbiyarka fa ta shiga yajin cin abinci. Na sa kabeji, na sa masara, har tsohuwar hularka na ɗora a kai, birai suna ta yi mini dariya. Ko ƙwaya ba ta taɓa ba. Wai me kake yi mata ne?"

"Ba komai. Sabo ne kawai."

"To manaja ya ce in ta kai Litinin a haka, likita zai yi mata allurar da ba a tashi. Ya ce ba za a bar ta ta mutu a gaban yaran mutane ba."

Da Dogo ya fita, ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Malam, na ga fuskarka," in ji matarsa.

"Fuskata ta yi me?"

"Da ya ce ba ta ci ba. Rabon da in ga ta yi haske haka tun ranar da aka haifi babbar 'yarka." Ta cire zare da haƙori. "Shekara uku kullum in zan wanke wandonka sai in tsinci cokalina a aljihu da dusa a jiki, in wanke in mayar. Ban san me kake yi da shi ba, amma na san ba shayi kake sha a can ba. Zama da ni ne ya yi maka nauyi har za ka bar baiwar Allah ta mutu da yunwa?"

Ya juya fuska ga bango. Ba ita yake tsoro ba. Wunin yake tsoro, daga asuba zuwa magariba babu mai nemansa. Ya san kuma ta faɗi gaskiya: daɗi ya ji, daɗin da ya sauko masa har cikin gwiwar mai ciwo.

Ranar Asabar babbar 'yarsa ta kai shi a tasi. Lambun ya cika, iyalai sun shimfiɗa tabarmi a ciyawa, ana cin abinci ana kiran yara su dawo daga bakin ruwa. Jiminar tana kwance, dogon wuyanta a ƙasa kamar igiyar da aka yar. Tun a mota ya gama shirinsa: zai shiga shi kaɗai, ya ba Dogo baya, ya ciyar da ita, asirinsa ya zauna inda yake. Amma ƙofar shingen tana da dakali mai tsayin taki ɗaya. Ya ɗaga ƙafa, gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake gwadawa, sai da 'yarsa ta taro shi.

"Baba, don Allah ka bari, za ka faɗi."

Ya daɗe riƙe da ƙarfen ƙofar. Ko tausayi ne ya buɗe masa baki ko gwiwa ce, shi kansa bai taɓa rarrabewa ba. Ya ciro cokalin ya miƙa wa Dogo.

"Ba ta gani. Jiƙa dusar, ka tsaya ta damanta, ka buga bakin daron."

Dogo ya dubi cokalin, ya dube shi. "Tun yaushe?"

"Da daɗewa."

"Kai, Tsoho! Allah ya shirye ka. Ka bar ni ina yawo da hula kamar mahaukaci?"

Dogo ya shiga ya hau bugu da ƙarfi, tsuntsuwar ta zabura.

"A hankali mana, ba ƙararrawar makaranta ba ce!"

Dogo ya sassauta. Wuyan ya motsa, ya ɗago, ya yi lilo a iska yana neman ƙarar. Bakin ya sauka a gefen daron, ya kuskure, ya sake sauka a tsakiya. Ta hau ci ba ji ba gani. Ko sau ɗaya ba ta juyo wajen ƙofar ba.

Baban Jimina ya ja ƙafa ya zauna a bencin baƙi. Dogo ya leƙo ta saman shinge, dusa a hannunsa.

"Ka san dai sai na gaya wa manaja."

"Na sani. Ka ce masa kada ya wahalar da kansa da kira. Ranar Litinin yarinyar nan za ta zo ta karɓo mini takardar ajiye aikin in sa hannu."

'Yarsa ta dafa kafaɗarsa. "Baba, in kira mai tasin?"

"Bari ta gama tukuna," ya ce.