Sale mai famfo ya tafi bai sa wa bututuna raga ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina wanke kofin shayi aka shigo aka ce min Sale mai gyaran famfo, na Zango, ya rasu.

Haushi na fara ji kafin hawaye, ba zan ɓoye muku ba. Sau nawa na ce masa ya je asibiti da tarin nan?

Wanda bai san shi ba, shi ne dalilin da har yau nake kwana a gidan marigayi mijina.

Gidan tsoho ne. Ɗana Habu ya sa min sinki a kicin don in daina durƙuso. To ruwa ya ƙi wucewa. Sai ya tsaya yana ƙugi kamar cikin mai yunwa, ga wari. Na zuba tafasasshen ruwa, na zuba kanwa, na zura tsinken tsintsiya. A banza.

Masu gyara biyu suka ce sai an fasa daɓe har sokawe. Habu ya ce, "Inna, gidan nan ya gaji, ki tattara ki dawo Katsina wurina."

Ni? In bar ɗakin Malam saboda kwanon wanke-wanke?

Sale ya zo a kan mashin, bai taɓa guduma ba. Ya saki ruwa, ya kara kunne jikin bango. Na ce, "Kai, gyara na kira ka ko sauraron rediyo?"

Ya ɗauko butata, ya toshe bakinta na sama da tafin hannu, ya karkata. Ruwa ya riƙa fita da ƙyar. Ya ɗage hannu, sai shaaa.

"Inna, bututunki bai toshe ba. Iska ce ba ya samu."

Ya huda bango, ya tayar da wani bututu ta waje har ya wuce rufi. Ranar sinki ya haɗiye ruwa shiru. Na kira Habu na ce ya daina share min ɗaki.

Da damina ta faɗi, na ga bakin bututun a buɗe sama, na sa aka kifa masa gwangwanin madara. Wa ke barin rami buɗe ga ruwan sama da ƙadangare? Ƙugi ya dawo.

Sale ya zo ya hau tsani, yana tari yana dariya. "Haba Inna, kin sa masa hula ya shaƙe! Raga zan kawo miki, kar ki ƙara rufe shi."

Na ce ya sauko ya sha kunu, ya wuce asibiti. Ya sha kunun. Ya ce akwai aiki a Baure.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Mutumin da ya ji bango yana neman iska, bai ji ƙirjinsa ba. Taurin kai!

Ragar ba ta zo ba. Bututun yana nan buɗe, kuma ba mai taɓa min shi.

Allah Ya jiƙan Sale, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya raya abin da ya bari.

Ku kuma kar ku danna min hoton hannayen addu'a ku wuce. Ku ajiye wayar, ku buɗe baki ku yi masa addu'a.