Mako Guda a Shagon Ƙananan Jiragen Ƙasa

A shekarun da na yi ina neman abinci a Riyad na ga abubuwa iri-iri, yawancinsu sun wuce har na manta. Amma makon da aka sake buɗe shagon ƙananan jiragen ƙasa na unguwar Al-Oud ya zauna mini a rai, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

Ni mutumin Damagaram ne, aikin wutar lantarki nake yi a wata masana'anta da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Na san shagon ne tun ina sabon zuwa. Wata Juma'a bayan la'asar wani ɗan garinmu ya ce wani dattijo Balarabe, mai shagon, yana neman wanda zai duba masa soket. Na shiga da jakar kayan aikina, sai na tsaya cak. A tsakiyar shagon akwai wani makeken tebur da aka gina gari guda a kansa, da duwatsu da gadoji da tasha mai fitilu, ga ’yan mutane kamar ƙwayar gyaɗa suna jiran jirgi. Jirgin bai fi kamu ɗaya ba, amma yana ta kewaya garin, ya shige cikin dutse ya ɓullo ta wancan gefe. Mu a garinmu babu layin dogo, don haka na daɗe baki buɗe. Dattijon bai katse ni ba. Sai da na gama kallo ya miƙo mini gahawa, ya ce soket ɗin ba gudu zai yi ba.

Daga ranar na zama ɗan gida. Kusan kowace Juma'a ina can, tare da wasu irina da ba sayen komai suke yi ba. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ya waladi", wato ɗana. Shi ya koya mini Larabcin da ba na umarni ba, domin a wurin aiki ba ka jin komai sai zo, tafi, yi sauri.

Ana nan ciwon suga ya taɓa masa idanu, ganinsa ya yi ta raguwa har ya tafi gaba ɗaya. Wata rana na zo na tarar da ƙofar ƙarfe a sauke da ƙaton kwaɗo. Haka ta zauna shekaru. In na bi ta layin, kawar da kai nake yi.

Kwatsam wata safiya ina wurin aiki ɗan dattijon ya kira ni. Ya ce an sayar da ginin, za a rushe shi, kuma mahaifinsa ya kafe sai an buɗe shagon na mako guda ya yi ban kwana da mutanensa. Matsalar ita ce teburin nan ya mutu, ko fitila ɗaya ba ta kamawa, kuma dattijon ya ce ba wanda zai taɓa shi sai ni.

Na sami mudir ɗinmu, wato shugaban sashenmu, na roƙi kwana uku. Ya ce ya yarda, amma daga hutun da nake tarawa na zuwa gida za a cire. Shekara biyu rabona da iyalina a lokacin, kowace rana a cikin hutun nan tana da daraja a wurina. Na kira matata na faɗa mata, ina jiran faɗa. Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe ƙaton mutum kamata kayan wasan yara ne za su riƙe shi. Da ta gama tsokanata sai ta ce in je, tsohon da ya ba ni wurin zama ina baƙo ya fi ƙarfin kwana uku.

Ƙura ta rufe komai a shagon, layin dogon ya yi tsatsa, ɓeraye sun ci wayoyin ƙarƙashin tebur. Kwana biyu na yi a kwance a ƙasa ina sauya waya ina liƙa dalma. A rana ta uku fitilun tasha suka kama. Murna ta ɗebe ni, na ɗauko kan jirgin da dattijon ya fi so, wani baƙi mai jan ƙafafu wanda marigayiya matarsa ta saya masa tun suna da ƙuruciya. Na ɗora shi a layi ba tare da na auna ƙarfin wutar sabuwar taransifomar da na haɗa ba. Ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, sai ga ɗan hayaƙi da warin ƙuna. Ni da nake gyara injunan masana'anta, ga shi na ƙone abin da bai kai tafin hannuna ba.

Abin da na yi bayan nan har yau ina jin kunyarsa. Na mayar da shi kwalinsa, na tura bayan kanta, na ɗora wani baƙin mai kama da shi. Na ce a raina ai ba gani yake yi ba.

Washegari bayan la'asar aka ɗaga ƙofa. Ban san yadda labari ya bazu ba, amma kafin magariba shagon ya cika. Akwai Larabawa da suka zo da ’ya’yansu suna nuna musu inda su ma suka tsaya suna yara. Akwai wani likita ɗan Zariya da ya taho daga unguwar Al-Suwaidi, wanda ya ce kakansa ma'aikacin reluwe ne. Ɗan dattijon ya shigo da mahaifinsa riƙe da hannu, ya zaunar da shi kusa da tebur. Tsohon ya rame sosai, amma duk wanda ya yi sallama sai ya gane muryarsa ya tambaye shi iyali.

Na kunna jirgi, mutane suka yi ta tafi. Shi kuwa ya karkatar da kai yana saurare. Da jirgin ya zagayo sau biyu sai ya kira ni, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Ya waladi, wannan ba nawa ba ne. Nawa yana ɗan ɗingishi in ya hau gada."

Na durƙusa a gefen kujerarsa na faɗa masa gaskiya duka, har da ɓoyewar. Ya saurare ni har ƙarshe. Can sai ya yi murmushi ya ce shi da kansa ya taɓa ƙone shi, kuma sai da ya yi wata guda yana ɓoye wa matarsa. Ya ce in ɗauko shi, in haɗo da ƙaramar sukundireba.

A gaban jama'a ya shimfiɗa hankici a cinyarsa ya fara kwance shi. Yatsunsa na rawa in ya ɗauki kofin gahawa, amma a kan jirgin nan ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba. Kowace ’yar ƙusa ya san inda take. Ya gaya mini aljihun tebur na nawa zan buɗe, da gwangwanin da zan tarar da sabon inji a ciki, kuma haka na tarar. Ni na liƙa wayoyin, likitan nan ya haska mana da wayarsa, dattijon kuma ya mayar da komai. Da muka ɗora jirgin a layi ya tashi, ya hau gada da ɗan ɗingishinsa, sai na ga ɗan nasa ya juya baya yana share fuska. Daga baya ya gaya mini cewa tun da idon ya tafi ba sa barin mahaifinsu ya taɓa komai a gida, ko ruwa zuba masa ake yi, suna ganin gata suke masa.

Sauran kwanakin, duk wanda ke da mataccen jirgi a gida sai ya kawo, dattijon yana gyarawa yana yi wa mai shi faɗa don ya bar shi da datti. Ni ma kullum na tashi aiki can nake nufa. Ranar ƙarshe ya sa aka ba wata cibiyar kula da yara teburin, ya yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya, aka sauke ƙofa. Bai cika shekara ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Na shiga makon nan ina ganin ni ne zan taimaki makaho, har na yi tunanin zan iya rufe shi. Abin da na koya shi ne, in ka yi kuskure ka faɗa da bakinka tun kafin a tambaye ka. Kuma in Allah ya haɗa ka da tsoho, kada tausayi ya sa ka ƙwace masa komai daga hannu. Ka bar masa abin da ya iya, ka zauna kusa ka miƙa masa kayan aiki.