Barkonon da Muka Mayar Sakkwato

A bayan ɗakin Goggo, ƙanwar mahaifina, akwai ɗan filin da muke kira jubraka, lambun gida da mata ke nomawa da damina. Kuɓewa ce a ciki da yakuwa da tumatir, sai layi guda na barkono a jikin danga, wanda ba mai taɓa shi sai da izininta. Siriri ne, tsawonsa kamar ɗan yatsa, idan ya nuna ya yi ja wur, kuma sunansa a gidanmu ɗan Sakkwato. Tun ina yarinya nake jin labarinsa. Wai kakar Goggo ce ta ƙullo irin a bakin zanenta lokacin da mutanenmu suka baro yamma suka nufo gabas, har suka yada zango a bakin kogin nan kusa da Sinja a ƙasar Sudan, zangon da ya zama gari. A gidanmu babu wanda ya taɓa ganin Sakkwato da idonsa. Abin da ya rage mana na can shi ne harshen bakinmu, wanda yaran yanzu suka fara yarwa, sai kuma wannan barkono.

Duk shekara Goggo kan zaɓi manyan 'ya'yan ta shanya a kan rufin ɗaki, ta murje, ta gauraya irin da toka don ƙwari, ta zuba a goran duma ta toshe da tsumma. Idan wani ya yaɓa mata magana a kasuwa ko a wurin tsinkar auduga, cewa mu ba a san inda muka fito ba, ba ta tankawa a wurin. Sai ta dawo gida ta ajiye kwandonta, ta ce, "Mu mun san inda munka hito. Ga shaida nan bayan ɗaki." Da wannan take wanke ranta ta ci gaba da aikinta.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Abin da Goggo ke faɗa a cikin gida a hankali, ni nakan ɗauka in kai shi bakin famfo da gidan biki. Wadda na fi takura wa ita ce maƙwabciyarmu, matar mai injin niƙa, Balarabiya ce da ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Danga ɗaya ce ta raba jubrakarta da ta Goggo, kuma ita ma tana da nata barkonon a ɗaya gefen, wanda su ke kira shatta. Duk lokacin da na fara yabon namu sai ta yi dariya ta ce da Larabci, shatta dai shatta ce, 'yar'uwa, naku da nawa uwarsu ɗaya. Ni kuma in ce mata kifin rijiya ce, ina ita ina sanin abin da ya ƙetaro ƙasashe. Mun yi shekaru muna wannan, ita da wasa, ni da gaske.

Shekarar da Allah ya nufa na je Umra, ina zaune a harami na ji wata mata a bayana tana yi wa 'yarta faɗa, kuma wallahi kamar Goggo ce ke magana. Na juya na gaishe ta. Da ta ce daga Sakkwato take, saura kaɗan in rungume ta a gaban jama'a. Muka yi musayar lambar waya, muka rabu. Bayan na dawo muka riƙa aika wa juna saƙon murya, ina kiranta Hajiya, tana kirana ƙawata. Takan yi dariyar Larabcin da ke faɗo min a tsakiyar magana, ni kuma in yi dariyar Turancin da ke faɗo mata. Ashe ita ma tana da ɗan lambu a bayan gida, a cikin tsofaffin bokitai da buhuna. Hirar mata ba ta nisa da tukunya, don haka ba a daɗe ba na ba ta labarin ɗan Sakkwato, har da ƙarin gishiri.

Hajiya ta ce lallai sai ta ga wannan barkono, ita kuma za ta aiko mana da irin attarugu da na tumatirinta. Hanyar ƙasa ba ta biyuwa ga ɗan ƙullin iri, sai muka jira. Da ƙanen mijina zai tafi Umra, aka yi dace wani maƙwabcinta ma zai je, muka shirya su haɗu a Makka kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa. Na je na faɗa wa Goggo. Sannan ta tashi ta ɗauko goran, ta yagi bakin wani tsohon zanenta, ta zuba irin da hannunta ta ƙulle. Ta haɗa mata da irin tumatirinmu kuma, kamar yadda muka saba, ta matse nunanne a kan tsumma ta shanya, 'ya'yan suka manne, ta naɗe. Ta ce wa ƙanen mijina, "Ka riƙe shi da kyau, ɗana. Da ƙahwa ya zo, ga shi za shi koma gida cikin jirgi."

Saƙon Hajiya ya iso lafiya. Tumatirinta ya karɓi ƙasarmu nan da nan, attarugun ne ya yi ta noƙewa kamar baƙon da bai saba da abincin gida ba. Goggo ba ta damu da su ba ko kaɗan. Hankalinta yana can. Kullum da safe idan na kai mata shayi sai ta tambaya, "Ya tsiro? Mi ta ce?" Na ce ya tsiro. Bayan kwanaki na ce ya yi fure. Ta ce, "Dole ya yi, ai ƙasassu ce." Abin da take jira shi ne ranar da tsofaffin can za su gan shi su gane shi, su ce lallai wannan namu ne, waɗannan mutane namu ne. Ban taɓa ganin ta ɗora ranta a kan wani abu kamar haka ba.

Da barkonon ya nuna, Hajiya ta ce za ta kai wa uwar mijinta, tsohuwa tukuf, da wani dattijo mai sayar da kayan miya, kuma ranar Juma'a za ta faɗa mana abin da suka ce. Ni da ba na shakkar komai, sai na mayar da abin biki. Na soya bunni, wato 'ya'yan gahawa, na dafa a jabana, 'yar butar gahawarmu, na shimfiɗa tabarmi a inuwar dalbejiya bayan la'asar, na kira matan unguwa. Maƙwabciyarmu kuwa da ƙafata na je na kirawo ta, na ce ta zo ta ji da kunnenta. Saƙon ya shigo tun da rana, na gan shi, amma na ƙi saurara, wai don mu ji daɗin tare. Na zaunar da Goggo a tsakiya, na ƙure muryar wayar, na danna.

"Salamu alaikum ƙawata, ina wuni, ina Goggo? Barkononku ya yi kyau ƙwarai, ya yi ɗiya kamar mi. Na kai ma uwar mijina, ta juya shi, ta sansana, ta ce ita dai tun tasowatta ba ta taɓa ganin irin wanga ba. Na kai ma tsohon nan na kasuwa, shi ma ya ce ba na ƙasarmu ba ne, wai ya hi kama da wanda alhazai ka zowa da shi daga gabas. Amma wallahi akwai yaji da ƙamshi! Maƙwabta duk sun ɗanɗana, har sun sa mashi suna ɗan Sudan."

Hajiya ta ƙare da dariyarta mai daɗi, ba ta san abin da ta yi ba.  Wata ta sunkuyar da kai tana gyara ɗan kofinta, wata ta tuna ta bar tukunya a wuta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban iya kallon Goggo ba, ƙafafunta kawai nake gani a kan tabarma.

Sai maƙwabciyarmu, wadda ba ta fahimci ko kalma ba, ta dube ni da fara'a ta tambaya da Larabci me aka ce. Babu wadda ta taimake ni. Ni na kira ta, ni ce kuma mai fassara. Da bakin nan nawa, wanda ya yi shekaru yana kiranta kifin rijiya, na faɗa mata cewa mutanen Sakkwato ba su san barkononmu ba, sun ce ɗan Sudan ne. Baki shi ke yanka wuya, ranar na san haka.

Da ta yi min dariya da na ji sauƙi, don da na sami abin yin faɗa a kai. Ba ta yi ba. Ta dubi Goggo, ta ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, Hajja, naku dai ya fi nawa ƙamshi, kowa ya sani. Ta ɗauki jabana ta ƙara mata a kofi, ta yi sallama ta tafi. Wannan kirkin nata ya fi mari zafi, kuma har yau ba ta sake tayar da maganar ba.

Mijina, wanda ya tsufa a noman hawasha, gonar ban ruwa da gwamnati ke yanka wa manomi, bai ga abin mamaki ba. Ya ce barkono kusa da barkono, ƙudan zuma na tashi daga wannan fure ya sauka a wancan, danga ba ta hana shi. Ya ce, "Ko da kakarku ta zo da shi, ai tuni ya yi aure a nan ya hayayyafa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ce ya rufa min baki, don ni ba hujja nake nema ba. Abin da ke cina shi ne, shekara da shekaru tsohuwar nan tana da abin da take jingina da shi idan an wulaƙanta ta, ba ta roƙi kowa ya gwada mata shi ba. Ni ce na ɗauke shi na kai kasuwa, na tara mata 'yan kallo.

Na yi kwanaki ina aika wa Goggo da shayi ta hannun wasu. Idan na hango ta a jubraka sai in canza hanya. Ita kuwa ba ta ce min komai ba, ba faɗa, ba gori. Ta ci gaba da ban ruwa da cire ciyawa, ta tsinke manyan 'ya'yan ta shanya a rufin ɗaki kamar kullum.

Ana nan sai Hajiya ta sake aiko da saƙo. Wai matan unguwarsu sun dame ta, kowa na son irin ɗan Sudan, nata bai isa rabo ba, ko za mu ƙara mata idan an sami mai zuwa Makka. Na rasa yadda zan yi. Goran a ɗakin Goggo yake, kuma ban ga da wace fuska zan roƙe ta ba. Daga ƙarshe na je na durƙusa a bakin ƙofarta, na yi ta kewaye-kewaye, har ta gaji ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa, kaina a ƙasa.

Ta miƙa hannu ta jawo goran, ta zare tsumman. Ta zuba min a tafin hannu, da yawa, fiye da na farko, toka na bin yatsuna.

"Nan su ce mu 'yan can ne, can su ce ɗan nan ne," in ji ta. "To, kai mata. Ko ba komi, can an roƙe shi."

Na ƙulle irin a bakin mayafina na fita, ban iya ko godiya ba.

Barkonon yana nan a jikin danga, Goggo tana adana irinsa duk shekara a cikin toka. Amma tun daga ranar Juma'ar nan ban sake jin ta kira shi ɗan Sakkwato ba, kuma idan ta dawo daga kasuwa ranta a ɓace, takan ajiye kwandon ta shige ɗaki kawai. Idan muna girki tana buƙatarsa, sai ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Miƙo man barkono."