Agogon da na koya wa ƙarya

Salamu alaikum. Shekara biyu ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ko na mutu, saura ƙiris, amma ina nan.

Na yi aiki a wani ƙaramin kamfani a Washington, mu bakwai, muna ƙera agogon hannu mai auna hawan jini. Mai kamfanin ɗan ƙabilar Basque ne, daga arewacin Sifaniya. Ya taɓa kafa kamfani biyu a ƙasarsu ya sayar, shi ya sa yake tafiya kamar shi ya ƙirƙiro intanet. Kullum bakinsa, "Za mu ceci rayukan jama'a." Mu bakwai da ke gabansa kuwa ko inshorar lafiya bai yi mana ba. Wai mu abokan tafiya ne, ba ma'aikata ba.

Ni ke rubuta manhajar agogon, kuma gaskiya ba ya aiki. Ya auna mutum ɗaya sau uku, ya ba da amsa uku. Ana saura mako guda mu je gaban masu zuba jari, Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Sadiƙu, ka sa ya riƙa nuna kore kawai, alamar lafiya lau. In kuɗi ya shigo sai mu gyara."

Na sa, da hannuna.

Kuɗi ya shigo, gyara shiru. Ni kuma aka mai da ni ɗan talla, duk taro sai a ce in ɗaga hannu a ga kore.

Ciwon kai ya fara. Na ce kwamfuta ce. Fitsarina ya koma kumfa, ƙafafuna suka kumbura, hawa matakalar tashar jirgin Metro a Silver Spring ya zama aiki. Ga abin kunyar: sai in kalli agogon, in ga kore, hankalina ya kwanta. Ni fa na rubuta ƙaryar! Wallahi har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

Wata Asabar na je cin tuwo gidan Yaya Hajara a Wheaton. Nas ce. Ta ga na take bayan takalmi, ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ɗauko abin awonta ta ɗaura min a dantse, ta duba, ta sake aunawa.

"Tashi mu tafi asibiti."

Na nuna mata agogo.

"Kai, cire min wannan shirmen."

Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka yi hoto. Likita ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Ƙodarka duka biyun sun tsaya. Hawan jini ya daɗe yana cin su."

Wankin ƙoda sau uku a mako, awa huɗu kana kallon jininka yana zagaye cikin inji. Ruwan sha ma da awo. Na ji tsoron mutuwa, na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ga shi ba inshora, sai da wata ma'aikaciyar asibiti ta yi ta cika mana takardun tallafi.

Oga ya zo sau ɗaya, da mai ɗaukar bidiyo a bayansa, da kwandon ayaba da lemo, abubuwan da aka hana mai ciwon ƙoda. Wai in ɗan faɗa wa kyamara cewa agogon ne ya fara ankarar da ni. Ko kunya babu, har yana gyara min matashi don hoto ya yi kyau.

Yaya ta miƙe ta buɗe ƙofa. "Malam, kwashi ayabarka."

Bayan wata goma sha huɗu aka yi min dashe. Ƙodar Yaya ce. Da na fara yi mata godiya ta ce, "Rufe min baki ka sha maganinka."

Yanzu ina tafiya, ina aiki, ina shan ruwa yadda nake so. Oga kuwa ya sayar da kamfanin, ya zama mai zuba jari a kamfanonin matasa, yana hawa dandamali yana koyar da gaskiya da riƙon amana. Tir.

Alhamdulillahi. Yaya, Allah ya biya ki, ni ba zan iya ba. Likitoci, da ku da kuka yi ta addu'a, na gode.

Ku je a auna jininku a asibiti. Kumburin ƙafa da fitsari mai kumfa ba gajiya ba ce. Kada ku karɓi aikin da ba inshora don an yi muku daɗin baki.

Saura abin da ya sa na dawo. Akwai direbobin tasi, 'yan uwanmu na Nijar, da na raba wa agogon nan kyauta a masallaci, don gwaji. Wasu na nemo su, wasu ba ni da lambarsu. Don Allah duk wanda ya san mai ɗaure da shi, ya ce masa Sadiƙu ya ce ya cire, ya je a duba shi cikin makon nan, kuma ya yafe min.