Kunnen Sule, Tafkin Idi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Idi makwancinsa a Akokan, kuma ba zan ɓoye wa masu karatu ba: har yau ina kishinsa. Tare muka shiga ramin uraniyom muna samari, shi daga Damagaram, ni daga gefen tafkin Tabalak. Shi yana riƙe da injin huda dutse, ni ina tuƙa motar da ke kwashe abin da ya fasa. Ɗaki ɗaya muka kama kafin mu yi aure, kwano ɗaya muka ci. Amma je ka bayan gari ka tambayi kowa sunan ruwan nan na kusa da garake, wato lambuna, zai ce maka Tafkin Idi. Ba mahalukin da zai ce Tafkin Sule.

Tafkin ma ba wani tafkin a zo a gani ba ne. Ragowar ruwan gari ne da ake sako wa masu garka ta tiyo, ya taru a kwari, ciyawa ta kewaye shi. Ni na fara jan Idi wurin, wata Lahadi cikin ɗari, don na jiyo kukan kirinjijiya daga bakin hanya, na ce wannan ai agwagwar garinmu ce, me ya kawo ta tsakiyar hamada? A lokacin tsuntsu iri biyu ne kawai a wurin Idi, wanda ake ci da wanda ba a ci. Ni kuwa a bakin ruwa na tashi, wurin kakata da idonta ya tafi amma take gane kowane tsuntsu da kukansa. Na gaji kunnenta, na kuma gaji ɗabi'arta: da na ji kuka sai in ambaci sunan mai shi ƙasa-ƙasa, ni kaɗai.

Shi Idi Allah Ya ba shi baki da farin jini. Kafin a ce me, yawon mutum biyu ya zama na gari. Kowace Lahadi bayan sallar asuba sai ka ga malaman boko na lekol, matan ma'aikata, Abzinawa masu garka, har da 'yan kasuwar Kano, sun yi layi a bayansa. Shi ya shawo kan masu garka suka daina ɗana tarko, shi ya sa aka riƙa tsince leda a bakin ruwa. Wannan ban yi masa musu ba. Da wani Bature injiniya zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Idi madubinsa na hangen nesa, ina tsaye ina kallo.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Duk inda muka tsaya, Idi na manne da ni ta hagu, ya ɗan karkato fuska wajena. Da tsuntsu ya yi kuka cikin ciyawa na motsa baki, sai ya ɗaga hannu ya kware murya: "Ku saurara, zakaran ƙeƙuwa ke nan!" Jama'a su ce kai, Malam Idi akwai kunne. Ni kuwa ina gefe kamar turken akuya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara goma sha ɗaya muna haka ban ce masa uffan ba, sai dai in koma gida in ce miya ba ta ji gishiri ba.

Da ya rasu na ɗauke ƙafa daga wurin. Na ce wa mutane gwiwa ce ta matsa mini, alhali allon da aka kafa da sunansa ne ba na son gani. Daga baya aka rufe ramin Akokan, gidaje suka zama kango, waɗanda muka sani suka ɗaure kaya suka koma Maraɗi da Tawa. Ruwan tiyo ya ragu, tafkin ya tsuke ya koma kamar filin sallar unguwa. Nakan tambayi kaina me Idi zai yi da ya ga haka. Na san amsar, kuma ita ma haushi take ba ni: da tuni ya bi gida-gida ya tara jama'a da bido cike da ruwa a kai, ya mai da abin wasa da dariya, an sake yabonsa.

Malama Fatimata, wata malamar lekol da ta riƙe yawon Lahadi da 'yan tsirarun da suka rage, ita ta zo har ƙofar gidana bana. Ta ce masu garka za su ja sauran ruwan gaba ɗaya zuwa shukarsu, don a ganinsu tsuntsaye sun daina zuwa. Ban ga laifinsu ba, tumatir ba ya jiran kowa. Amma sun yarda su bar kusurwa ɗaya in an nuna musu akwai masu rai a ciyawar. Ta ce, "Baba Sule, muna jin kuka, ba mu san mai shi ba. Kai kaɗai ka rage." Na dube ta na ce, "Ku je ku tambayi mai tafkin." Ta tafi jiki a sanyaye.

Bayan kwana uku Rabi, matar marigayin, ta zo sallama za ta koma Damagaram wurin 'ya'yanta. Ta ajiye mini madubin nan naɗe cikin ɗankwali. Maganata ta riga ta kai kunnenta.

"Malam Sule, ashe har yau ba ka gane ba? Abokinka ai kunnensa ya mutu tun kafin a haifi autarmu. Ƙarar inji ta cinye shi. Ni ma bakina yake kallo in ina magana."

Na ce, "To mi ya hana shi gaya mini?"

"Kunya. In ya dawo daga tafki sai ya ce, Rabi, da za a karɓi idona ɗaya a ba ni kunnen Sule, da na bayar."

Sai a nan abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kwarmaton da nake ɗauka son a sani ne, ashe mutum ne da ba ya jin muryar kansa. Karkato fuskar da nake cewa satar fasaha ce, ashe ita ce kaɗai hanyar da kukan tsuntsu ke isa gare shi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shi ya shekara goma sha ɗaya yana karanta tawa, ni ko sau ɗaya ban karanta tasa ba. Ina kishin bakinsa, yana kishin kunnena, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa ya haɗiye nasa. Har yanzu ina jin haushinsa, don abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Lahadin da ta wuce na je. Gwiwar ma ba ta ce komai ba. Masu garka sun fito da hauyoyinsu, Malama Fatimata da mutanenta suna gefe. Muka yi tsit. Can cikin ciyawa na jiyo ta, na motsa baki yadda na saba, sai na ga kowa ya zuba mini ido ana jira, haguna kuwa ba kowa. Dole na ɗaga hannu da kaina: "Kirinjijiya ce, kuma ba ɗaya ba ce." Na yi ta ambato suna dubawa da madubin har rana ta ɗaga. Babban masu garka ya ce a bar kusurwar.

Abin da ya rage na Idi ke nan: ɗan ruwa, allo mai tsatsa, da mutanen da suka koyi yin shiru a gaban abin da ba za su ci ba. Ni ban iya tara ko mutum uku ba, wannan gaskiya ce. Allah Ya yi masa rahama, Ya jiyar da shi abin da ya rasa a nan.

Za mu watse ke nan wani baƙon mai garka ya kama hannuna ya ce, "Baba, lalle Malam Idi ya koya maka da kyau." Tsohon kishin nan ya taso mini. Na buɗe baki in gyara masa zance, sai kirinjijiya ta sake kuka. Na ce masa, "Yi shiru, saurara."