Littafin da Na Sake Kwafewa

A shekarata ta huɗu a jami'a aka yi taron masana lissafi na ƙasashen yankinmu, na kwana uku. Duk a kan fannin da nake karantawa ne, wato yadda ake kusantar amsar lissafin da ba ya warwaruwa kai tsaye. Sai ka yi hasashe ka gyara, ka yi ta gyarawa har kuskuren ya ƙanƙance.

Gidanmu a unguwar Treichville masaukin fataken shanu ne. Saboda haka ban yi mamaki ba da na dawo na tarar da baƙo a kan tabarmar Baba. Na dai yi mamaki da Baba ya ce malamin jami'a ne daga arewacin Najeriya, taron nan ya zo, wani ɗan'uwanmu ne ya kwatanta masa gidan.

“Kai za ka riƙa raka shi,” in ji Baba. “Malam, ga shi nan. Ba ya magana, sai rubutu. Ni har yau ban san abin da yake karantawa ba.”

Baƙon ya yi dariya. “Alhaji, in ka ga bijimin sa, yaya kake sanin naman da zai bayar?”

“In duba, in faɗa. In na matsa kusa na taɓa shi, in rage ko in ƙara.”

“To karatun ɗanka ke nan. Shi dai da alƙalami yake matsawa.”

Ina tsaye riƙe da buta, na kasa motsi. Da Faransanci na koyi lissafi tun ina ƙarami, ban taɓa jin an yi shi da harshen da Inna ke kiran mu cin abinci ba.

Kowace safiya sai mu haye gada zuwa Adjamé, mu shiga gbaka, ƙaramar motar hayar nan da ake cusa mutane. A ɗakin taro ana yin Faransanci da Turanci, shi kuwa yakan sunkuyo ya raɗa mini, “Wannan lissafin nasa gudu yake, bai san inda za shi ba.” Sai in danne dariya.

Ina da wani littafi mai shafi arba'in. Wata hanyar gyaran hasashe ce na ɗan sauya, na ga kamar tana isa amsa da wuri. Awa ɗaya ake ba mu a mako a ɗakin kwamfuta, don haka yawancinsa da hannu na yi. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Ranar ta biyu, a cikin gbaka, na daure na faɗa masa ina kallon takalmina.

“Kawo in gani kafin in tafi,” ya ce. “In akwai wani abu a ciki, ina ɗaukar ɗalibai. Ka taɓa zuwa gida?”

Na ce a'a. A nan aka haife ni, garin su Baba a labari kawai na san shi.

Da yamma na buɗe littafin, sai na ga duk goge-goge ne. Shafi na sha ɗaya har ya huje, kuma shayi ya taɓa zuba a gefe guda. Na ji ba zan iya miƙa wa mutum irin wannan abu haka ba. Tunda ranar Asabar zai tafi, na sayi sabon littafi na fara kwafewa, ina jan layi da rula.

Ranar Juma'a da safe ya yi jawabinsa. Abin da ya tsaya a kai shi ne lokacin da ya kamata mai lissafi ya daina gyara, tunda kuskure ba ya ƙarewa gaba ɗaya. Na rubuta kowace kalma da kyau. Da muka fito ya miƙo hannu.

“Ina littafin?”

“Gobe, Malam. Saura kaɗan.”

Ya dube ni. Ya wuce masallaci tare da wasu, ni kuma bayan salla na koma ɗakin karatu na ƙarasa shafuka goman da suka rage.

Da la'asar na iso gida, tabarmarsa a naɗe. Ashe wani daga cikin fataken ya samar masa wuri a motar da ke tashi ranar, ta gaba kuwa sai bayan kwana huɗu. Na ruga tashar Adjamé da littafin a ƙirjina. Masu lodi suka ce motar ta fi awa ɗaya da tashi.

Da na dawo, Baba yana alwala. Bai ɗago kai ba.

“Ya jira ka har direba ya fara faɗa. Ya ce in gaya maka, shi tsohon yake son gani, mai gogen. A nan zai ga yadda kake tunani.”

Ya bar adireshinsa a bayan takardar taron. Na rubuta wasiƙa sau biyar, kowacce in na karanta sai in ga ba ta yi ba. Shekara ta juyo ban aika ba, daga nan kuma kunyar jinkirin ta hana ni.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata makaranta a Belleville. Har yau ban je gida ba. Littattafan biyu suna cikin akwati ɗaya, kuma in na buɗe, tsohon nake ɗauka. Wani lokaci ina gaban allo ina bayani da Faransanci, sai in ji ina maimaita shi a zuci da Hausa, da irin muryarsa ta cikin gbaka.